Yawon buɗe ido a Japan: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Yawancinmu ta kayanta muka san Japan: Toyota, Honda, Yamaha, Suzuki, da tsofaffin rediyoyin nan masu ƙarko da ake gada daga uba zuwa ɗa. Ƙasar kanta kuwa, da biranenta da wuraren bautarta da abincinta, ba kowa ya san yadda take ba. Ga tambayoyin da masu niyyar zuwa kallo suka fi yi, musamman waɗanda za su taka ƙasar a karon farko.

Kwana nawa ya kamata in ware, kuma waɗanne garuruwa zan je?

Kwana 10 zuwa 14 sun isa tafiyar farko. Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa 8, tana gaban Ghana da awa 9, don haka kwana biyun farko jiki bai san dare da rana ba: barci zai kama ka da azahar, ido kuma ya bushe da tsakar dare. Kada ka cika waɗannan kwanakin da zirga-zirga.

Hanyar da aka saba bi tana kan babban tsibirin Honshu: Tokyo, sai Kyoto, sai Nara da Osaka, mai sauran kwanaki ya ƙarasa Hiroshima. Shawarata ita ce a rage garuruwa a ƙara kwana. Masu son su haɗa gari takwas a mako guda suna dawowa da hotuna cike da waya, amma abin da suka fi sani shi ne tashar jirgi da jan akwati. Abin kallo a Japan ba gine-gine kaɗai ba ne, har da yadda mutane ke kula da abin da aka damƙa musu, kuma wannan sai wanda ya tsaya yake ganinsa. Tokyo kwana huɗu, Kyoto kwana huɗu, daga Kyoton ka riƙa leƙa Nara da Osaka ka dawo ka kwana. Idan da hali, sayi tikitin da zai sauke ka a Tokyo ya ɗauke ka daga filin jirgin Kansai kusa da Osaka, ka huta da komawa baya.

Yaya batun biza da jirgi?

Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Ghana sai da biza. Japan tana da ofishin jakadanci a Abuja da Accra. Abin da suke son gani shi ne tsarin tafiyarka rana bayan rana, inda za ka kwana, bayanin asusun banki, da shaidar aiki ko kasuwancin da zai dawo da kai gida. Rubuta gaskiya, kuma ka sa takardun su yarda da juna. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Kano, Abuja ko Yamai zuwa Japan. Ana canji ne a birane irin su Adis Ababa, Doha, Dubai, Istanbul ko Alƙahira, kuma tafiyar kan cinye kusan yini da kwana. A filin jirgin can za a ɗauki hoton fuskarka da zanen yatsunka.

Na ji an ce Japan ta ware wa 'yan Najeriya gari da biza ta musamman. Gaskiya ne?

A'a. A watan Agustan 2025 hukumar raya ƙasashe ta Japan, JICA, ta haɗa birnin Kisarazu da Najeriya a wani shirin zumunci. Labari ya bazu cewa an buɗe ƙofar ƙaura, gwamnatin Japan ta musanta, daga baya ma aka janye shirin gaba ɗaya a watan Satumba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka wannan bizar, ka riƙe kuɗinka.

Wane lokaci ya fi daɗin zuwa?

Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu ne lokacin furen sakura, inda iyalai ke shimfiɗa leda a ƙarƙashin itatuwa suna cin abinci. Yana da kyau ƙwarai, amma furen bai wuce mako ɗaya zuwa biyu ba, otal kuma yana tsada. Ni na fi son Nuwamba: sanyi daidai, sama garau, ganyayen itatuwan Kyoto sun koma ja da ruwan ɗorawa. Ka guji 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu da tsakiyar Agusta, domin lokacin hutun 'yan ƙasa ne, jirage da masaukai ba masaka tsinke. Yuni zuwa tsakiyar Yuli ruwa ne. Agusta kuwa kada ka ce ai ka saba da zafi. Nasu zafin mai gumi ne, riga ba ta bushewa a jiki, ga guguwar teku da kan zo har cikin Satumba. Mai son kallon kokawar sumo ya sani ana babbar gasa sau shida a shekara, kowace kwana 15, uku daga ciki a Tokyo: Janairu, Mayu da Satumba.

Yaya ake zirga-zirga tsakanin birane? Shin in sayi tikitin JR Pass?

Jirgin ƙasa mai gudu, Shinkansen, shi ne ƙashin bayan tafiyar. An buɗe layinsa na farko tsakanin Tokyo da Osaka a 1964, tazarar kilomita 500 da 'yan kai, kuma yau mafi saurinsa, Nozomi, yana kai mutum Kyoto daga Tokyo cikin awa biyu da kwata. Idan tikiti ya ce 9:03, to 9:03 ɗin ne. Nemi kujerar taga ta hannun dama in ka nufi Kyoto. Ranar da sama ta washe za ka ga Dutsen Fuji, mai tsayin mita 3,776.

Ka zo tasha da wuri don ka ga abu guda. Jirgi na tsayawa, masu shara sun riga sun jeru a bakin ƙofa. Fasinja na gama fita su shiga, su juya kujeru su fuskanci inda za a nufa, su goge tebura, su kwashe shara, cikin 'yan mintoci su fito su rusuna wa masu jiran shiga. Ba mai tsaye a kansu da tsawa. Wannan ɗan abin ya fi dogon bayani gaya maka irin ƙasar da ka zo.

JR Pass kuwa, wato tikitin da ke ba baƙo damar hawa jiragen kamfanonin JR iya son ransa na wasu kwanaki, da aka ƙara kuɗinsa a Oktoban 2023, na kwana bakwai ya koma yen 50,000, kuma Nozomi ba ya ciki sai da ƙarin kuɗi. In Tokyo zuwa Kyoto da Osaka kawai za ka, tikiti ɗai-ɗai ya fi araha. Sai ka haɗa da Hiroshima da dawowa Tokyo lissafin ke fara kusantar daidai. A cikin gari sayi katin Suica, Pasmo ko ICOCA, ka zuba masa kuɗi, ka riƙa taɓawa a ƙofar tasha da bas, har a kanti. Jiragen cikin gari suna tsayawa wajen sha biyun dare, tasi kuma akwai tsada. Babban akwati ma ba sai ka ja shi ba: otal zai tura maka shi gari na gaba, galibi ya isa washegari.

Me zan gani a Tokyo?

Tokyo unguwanni ne, kowace da halinta. Da can sunanta Edo, mazaunin sarakunan yaƙi na gidan Tokugawa, sai a 1868 da mulki ya koma hannun Sarki Meiji aka sauya mata suna ta zama babban birni. Fara da Asakusa, inda Senso-ji yake, haikalin da ya fi kowane tsufa a birnin. Za ka shiga ta ƙarƙashin wata ƙatuwar jar fitilar takarda, ka bi layin 'yan tireda masu sayar da mafici da kayan ƙwalama har farfajiya. Babban ɗakin da ke tsaye yanzu an sake gina shi ne a 1958, domin na baya ya ƙone a ruwan bama-baman 1945.

Daga nan sai wurin bautar Meiji Jingu, wanda aka buɗe a 1920 cikin kurmin da aka dasa da hannu, itatuwa kimanin 100,000 da jama'a suka bayar daga sassan ƙasar. Taku kaɗan daga hayaniyar Harajuku sai ka ji ƙarar tsakuwa kawai a ƙarƙashin takalminka. Mahaɗar Shibuya da dare, kasuwar kayan lantarki ta Akihabara, da tsohuwar kasuwar kifi ta Tsukiji, wadda 'yan sari suka bari zuwa Toyosu a 2018 amma masu abinci suka zauna, duk sun cancanci rabin yini. Hasumiyar Skytree mita 634 ce, sai dai ginin gwamnatin birni da ke Shinjuku yana da benen hange kyauta.

Ina jin ana ambaton wuraren bauta iri biyu. Mene ne bambancinsu?

Addinai biyu ne suke zaune tare. Shinto shi ne na gargajiyar ƙasar, mai girmama abin da suke kira kami, wato ruhohin duwatsu, itatuwa, koguna da magabata. Alamar wurinsa ita ce torii, ƙofa mai ginshiƙai biyu da gicciyen katako a sama, sau da yawa ja. Addinin Buddha kuma ya shigo ta Koriya a ƙarni na 6; wurarensa suna da mutum-mutumi, da turaren tsinke, da ƙatuwar ƙararrawa, sunansu kuma yakan ƙare da ji ko dera. Yawancin Japanawa ba sa zaɓar ɗaya su bar ɗaya: jariri a kai shi wurin Shinto, mamaci a yi masa jana'iza irin ta Buddha, kuma in ka tambayi mutumin zai iya ce maka shi ba mai addini ba ne.

Ni Musulmi ne. In na shiga za a sa ni yin wani abu na bautarsu?

Hukuncin shiga na malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa kafin ka tashi. Abin da ke faruwa a can kuwa ga shi. Ba mai tambayar addininka, ba mai sa ka rusuna wa gunki. A wuraren Shinto masu ibada sukan wanke hannu da baki a wani kwarmin ruwa da ludayi, su jefa tsaba a akwati, su rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, su sake rusunawa. Kai ba ruwanka da ko ɗaya. Ka koma gefe kada ka tare musu gaba, ka sassauta murya, ka cire takalmi inda aka ce a cire, kada ka ɗauki hoto inda aka hana. Ana sayar da layu da takardun duba a bakin ƙofa, kyawawa ne a ido, har wasu baƙi kan saya a matsayin tsaraba ba tare da sanin ko mene ne ba. Yanzu ka sani. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ɗakin ba, lambuna da farfajiya da aikin kafintoci sun ishe shi kallo, kuma yawancin kyan wuraren ma a waje yake.

Kyoto ance wuraren sun fi dubu. Waɗanne zan zaɓa?

Kyoto ce mazaunin sarki daga 794 har zuwa 1868, kuma ta tsira daga irin rugujewar da Tokyo da Osaka suka sha a yaƙin duniya na biyu. Biyu ko uku a rana sun isa. Fiye da haka sai su cakuɗe maka a kai.

Kiyomizu-dera ana buɗe shi ƙarfe shida na safe, kuma lokacin ya kamata ka je. Ginin yanzu na 1633 ne, da wani faffaɗan dandali na katako da ya leƙo daga gefen tudu, mita 13 daga ƙasa. Sauka ƙasa ka ɗaga kai ka dubi ginshiƙan: an sassaƙa su an zura juna, babu ƙusa. Fushimi Inari kuma ba ya rufewa, ba a kuma biyan kuɗi. Dubban jajayen ƙofofi ne jere suna hawa dutse. Jama'a kan cunkushe a ƙasa wajen ɗaukar hoto, amma in ka daure ka ci gaba da hawa na rabin awa sai ka rage kai da 'yan tsiraru. Da ka juyo za ka ga bayan kowace ƙofa da baƙin rubutu: sunan kamfani ko ɗan kasuwar da ya ba da ita da ranar da ya bayar, domin Inari a wurinsu mai kula da shinkafa da kasuwanci ne.

Kinkaku-ji, ginin da aka lulluɓe benayensa biyu da zinariya, sarkin yaƙi Ashikaga Yoshimitsu ne ya kafa shi a 1397. Wani matashin mai hidima a wurin ya cinna masa wuta a 1950, aka sake gina shi a 1955. Kyakkyawa ne, amma kallon minti ashirin ne cikin turereniya. Wanda na fi so shi ne maƙwabcinsa Ryoan-ji: fili ne na farar tsakuwa da aka shata da manjagara, da duwatsu 15 a zube, an jera su yadda duk inda ka zauna a barandar ba za ka ga dukkansu lokaci guda ba. Wasu sukan duba su ce ba komai a nan, su wuce. Zauna tukuna. Ka lura da layukan da ke kan tsakuwar, babu sawun ƙafa ko ɗaya, alhali mutum ne ya shiga ya ja su. A lambunan Kyoto za ka riƙa cin karo da dattawa a tsugune suna tsince busasshen ganye ɗaya bayan ɗaya daga kan gansakuka. Wannan aikin da ba ya ƙarewa shi ya riƙe wuraren nan ɗaruruwan shekaru, ba ƙarfin katako ba. A Ise ma, mafi girman wuraren Shinto, rushe ginin ake yi a sake sabo duk bayan shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, don kada sana'ar ta mutu a hannun tsofaffi.

A unguwar Gion, kada ka bi matan geisha, masu nishaɗantar da baƙi da rawa da kiɗan gargajiya, da kyamara. Kan hanyar aikinsu suke, kuma an hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba saboda takurar da baƙi suka yi musu.

Nara da Osaka fa?

Nara ba ta kai awa ɗaya daga Kyoto ba. Ita ce babban birni daga 710, kuma a nan Todai-ji yake, da mutum-mutumin Buddha na tagulla mai tsayin kusan mita 15 da aka ƙaddamar a 752. Barewa fiye da dubu suna yawo sake a filin; sun koyi sunkuyar da kai don a ba su biskit ɗin da ake sayarwa dominsu, amma suna cizo suna kuma fizge takarda, don haka ka ɓoye tikitinka ka riƙe hannun yara. Osaka garin 'yan kasuwa ne da masu son ci da raha. Je unguwar Dotonbori da dare. Gidan sarautar Osaka siminti ne na 1931. Mai son na asali ya je Himeji, farin ginin da aka kammala a 1609.

Babbar damuwata abinci. Zan sami halal?

Za ka samu, amma sai da lura, domin matsalar ba a naman da ido ke gani take ba. Tana cikin romo da miya. Ramen, taliyar nan da ta yi suna, yawanci da ƙashin alade ake dafa romonta, ko da kuwa kaza aka ɗora a sama. Akwai kuma mirin da sake, giyar shinkafa da ake zubawa a girki kamar yadda ake zuba gishiri, har a wasu miyagun da ake tsoma kifi. Alewa da burodi ma kan ƙunshi kitse ko sinadarin da aka samo daga alade. Haddace alamomi biyu ka riƙa duba bayan leda: 豚 alade, 酒 giya. Manhajar fassara ta waya tana karanta sauran in ka haska mata.

Sauƙin shi ne asalin abincin ƙasar shinkafa ne da kifi da ganye da waken suya. Tun shekarar 675 aka fara hana cin naman dabbobi, kuma ƙyamar ta daɗe har sai da Sarki Meiji ya ci naman sa a 1872. Gasasshen kifi da gishiri, farar shinkafa, soyayyen jatan lande da kayan lambu da ake kira tempura, duk ana samu ko'ina. Ka ce a ba ka gishiri maimakon miyar tsomawa. A Tokyo, Kyoto da Osaka akwai gidajen abinci masu takardar shaidar halal, har da na ramen da na naman sa na wagyu. Unguwar Shin-Okubo a Tokyo tana da kantunan halal, ga gidajen abincin Turkawa da 'yan Pakistan da Indonesiya. In ka shiga ƙauye kuwa, ka tafi da guzurinka.

Kada ka raina ƙananan kantunan 7-Eleven, Lawson da FamilyMart da ba sa rufewa: dafaffen ƙwai, ayaba, madara, da curin shinkafa mai gishiri kawai suna fitar da matafiyi kunya da asuba.

Dole ne in ci ɗanyen kifi?

Ba dole. Ko a gidan sushi, wato curin shinkafa da ake ɗora wa yankan kifi, akwai na dafaffen jatan lande, na ƙwai da na kokwamba. Amma ka gwada yanka ɗaya. Sabon kifi ba ya ƙarni. Koren abin da ke gefe, wasabi, ta hanci yake hawa, ka ɗan taɓa kaɗan. In tsinkayen cin abinci sun gagare ka, nemi cokali, ba abin kunya ba ne. Abu biyu kawai za ka kiyaye: kada ka soke su tsaye cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa wa wani abinci daga tsinke zuwa tsinke. Duka biyun al'adun jana'iza ne.

Zan iya tafiya da kilishi da dambun nama?

Kada ka kuskura. Dokar Japan ta hana shigo da nama kowane iri, busasshe ko dafaffe, hukuncin kuma yana kaiwa tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara uku, ga karnuka masu shinshina a wajen ɗaukar kaya. Ɗanyun 'ya'yan itatuwa ma haka. Goro da duk wani ɗanyen tsiro sai an nuna wa jami'ai. Magungunan tari da mura masu kodin su ma suna da ƙa'ida mai tsauri.

Ina zan yi sallah?

Filayen jirgin Narita, Haneda da Kansai duk suna da ɗakunan sallah, haka wasu manyan tashoshi da kantuna. Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, mai ginin irin na Turkiyya, an fara kafa shi a 1938 aka sake gina shi a 2000. Yi ƙoƙari Juma'arka ta faɗo a can. Masallacin Kobe, na 1935, shi ne mafi tsufa a ƙasar, ya tsira daga bama-baman yaƙi da girgizar ƙasar 1995, kuma daga Osaka tafiyar rabin awa ce. Ka tuna a Japan alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa. Tafi da 'yar dadduma mai naɗewa. Tsarki kam ba wahala: yawancin bayin ƙasar suna da maɓallin da ke fesa ruwa.

Ni mace ce mai hijabi. Zan fuskanci tsangwama?

Hajiya, da wuya. A manyan birane sun saba da baƙi daga Malesiya da Indonesiya, hijabi ba baƙon abu ba ne. A ƙananan garuruwa za a iya kallonki, musamman yara, kasancewar baƙar fata ba ta da yawa, amma kallo ne na wanda bai saba gani ba. Wasu jirage suna da taragon mata zalla a lokacin cunkoso. Ke da maigida duka ku riƙe fasfo a jiki kullum. Doka ce, kuma ɗan sanda na iya tsayar da baƙo ya nema.

Waɗanne ladubba ne in na saɓa za a ji haushi?

Cikin jirgi ba a amsa waya, hira ma ƙasa-ƙasa. Wannan shi ya fi ba mu wahala, mu da muka saba da gaisuwa mai tsawo da murya a sake. Ana bin layi a ko'ina. Ana cire takalmi a gida, da masaukin gargajiya, da duk inda aka shimfiɗa tabarmar tatami, don haka ka sa safa mai kyau. Bayi yana da silifansa daban, kada ka fito da su. Kwandon shara ba shi da yawa a titi, kowa da 'yar ledarsa yake komawa gida. Ba a ba da tukuici. In ka bar canji a tebur, ma'aikaci zai biyo ka da shi. Ba a taya kaya. Kuɗi kuma a ɗan faranti ake ajiyewa a gaban mai kanti. Gaisuwa rusunawa ce kaɗan ba musabaha ba, abin da ke sauƙaƙa wa wanda ba ya gaisawa da hannu da mata ko maza. In ka yi kuskure ba wanda zai yi maka faɗa, shiru kawai za a yi, shi ya sa ya kamata ka riƙa duban abin da na kusa da kai ke yi.

Ana yabon wankan ruwan zafi. Ya dace da mu?

Onsen ruwa ne mai zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. A na jama'a, maza daban mata daban, amma tsirara ake shiga, ba a yarda da gajeren wando ba. Mai kiyaye al'aura ya nemi masaukin gargajiya, ryokan, mai wurin wanka a ɗaki ko wanda ake kamawa na awa guda a kulle ƙofa. Kwana ɗaya a irin wannan masauki, da katifa a ƙasa da abincin dare kala-kala a ƙananan kwanoni, ya cancanci kuɗinsa. Ka sanar da su abin da ba ka ci tun lokacin kama ɗaki, domin ba sa iya sauyawa a ranar.

Hiroshima ta cancanci nisan?

Ƙwarai. Daga Osaka awa ɗaya da rabi ne. Ranar 6 ga Agustan 1945, ƙarfe 8:15 na safe, Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a birnin, kuma kafin ƙarshen shekarar mutum kimanin 140,000 sun mutu. An bar kwarangwal ɗin gini ɗaya a bakin kogi yadda bam ya bar shi. A gidan tarihin akwai ƙonannun kayan 'yan makaranta, da kwanon abincin yaro da abin cikinsa ya zama gawayi, da keken wasa mai ƙafa uku. Kada ka tsara wani yawon nishaɗi nan take bayan fitowa, kuma ka yi tunani kafin ka shiga da ƙananan yara. Ƙungiyar waɗanda suka tsira, Nihon Hidankyo, ita ta karɓi kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2024. Washegari ka haye tsibirin Miyajima, inda wata babbar jar ƙofa ke tsaye cikin teku. In ruwa ya janye har ƙafarta ake takawa.

Girgizar ƙasa da tsaro fa?

Ƙananan girgiza suna yawan faruwa, gine-gine kuma da saninsu aka yi su. In ta zo, shiga ƙarƙashin tebur, kare kanka, kada ka ruga waje. In kana bakin teku aka yi gargaɗi, hau tudu. Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti da kashe gobara 119. Sata ba ta da yawa. Abin da ka yar, tambaya a ɗan ofishin 'yan sanda na unguwa, koban, sau da yawa yana can. Yi inshorar lafiya kafin ka tashi, asibiti da tsada ga baƙo.

Kuɗi, waya da harshe?

Riƙe tsabar yen, domin ƙananan gidajen abinci da masu karɓar kuɗin shiga ba duka ke karɓar kati ba. Dala za ka tafi da ita ka canza, naira da sefa ba sa canzuwa a can. Wutarsu bolt 100 ce, soket ɗin mai baki biyu shafaffu, sai ka nemi mahaɗi. Sayi layin data a filin jirgi, taswirar waya za ta gaya maka har lambar dandamalin da jirginka zai tsaya. Allunan tasha suna da rubutun boko. Sumimasen na neman afuwa da jan hankali, da arigato gozaimasu na godiya, za su kai ka nesa.

Wace tsaraba zan kawo, kuma akwai inda ba kowa ke zuwa ba da ya kamata in tsaya?

Tsaya a Nagoya, tana kan layin Tokyo zuwa Kyoto. A can akwai gidan tarihin masana'antar Toyota cikin tsohuwar masaƙar gidan, domin da injin saƙa Sakichi Toyoda ya fara kafin ɗansa Kiichiro ya shiga ƙera mota, kuma har yau ana tayar da tsofaffin injinan a gaban baƙi. A gefen birnin kuma akwai Arimatsu, garin da ya shafe shekara 400 yana ɗaure yadi da zare ana tsoma shi a baba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofin Ƙofar Mata a Kano zai gane aikin tun kafin a yi masa bayani. Ƙyalle ɗaya daga nan tsaraba ce ta gaske ga uwa ko uwargida.

Bayan wannan, koren shayi daga Uji kusa da Kyoto, turaren tsinke, mafici mai naɗewa, da wuƙar girki ta Sakai, wadda dole ta shiga akwatin da za a auna ba jakar hannu ba. Kayan lantarki kuwa ka duba bayansu kafin ka biya: wanda aka rubuta bolt 100 kaɗai zai ƙone da zarar an jona shi a wutar gida.